Me ya sa merang ɗina ya rufta, ya zubar da ruwa, kirim kuma ya narke?

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ina zaune a Kaduna. A cikin watan Agusta na gwada yin pavlova, wato kayan zaƙin nan na farin ƙwai da sukari da ake ɗora wa kirim da sitiroberi. Da na fitar da ita daga obin sai na ga ta yi ja-ja maimakon fari, tsakiyarta ta rufta, kuma bayan ɗan lokaci wani ruwa mai danƙo ya riƙa tsattsafowa daga ƙasanta. Da na ɗora kirim, kafin baƙi su iso komai ya jiƙe ya kwanta. Obin ɗina na gas ne, ba shi da ma'aunin zafi, ga shi kuma sitiroberi ya yi tsada. Ina so in sake gwadawa don walimar ƙanwata. Ina kuskuren yake, kuma akwai abin da zan iya sawa a madadin sitiroberi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya sa a yi walima lafiya. Idan na fahimci bayaninki daidai, abubuwa huɗu ne suka haɗu miki a girki ɗaya: merang ɗin, wato busasshiyar kumfar farin ƙwai da sukari da ake ɗora sauran kayan a kai, ya sauya launi, ya rufta, ya zubar da ruwan sukari, sannan ya jiƙe bayan an ɗora masa kirim. Sauyin launin laifin zafin obin ne kai tsaye. Sauran ukun kuwa tushensu ɗaya, wato ruwa: ruwan da ke cikin farin ƙwai wanda bai samu ya fita ba, da danshin iskar watan Agusta, da kuma ruwan da ke cikin kirim da 'ya'yan itacen da kika ɗora tun da sauran lokaci. Wadda ta saba da kek takan ɗauka cewa shi ma merang gasa shi ake yi, alhali kuwa busar da shi ake yi a hankali da wuta kaɗan, kuma kusan duk wata ƙa'ida da za ki ji game da shi daga nan ta taso.

Pavlova ta samo sunanta ne daga Anna Pavlova, shahararriyar mai rawar bale 'yar ƙasar Rasha, wadda ta ziyarci Ostireliya da New Zealand a 1926, kuma har yau ƙasashen biyu ba su daina jayayya a kan wadda ta fara yin ta ba. Abin da ya bambanta ta da merang zalla shi ne ɓawonta kaɗai ke bushewa ya yi ƙaras-ƙaras, cikinta kuwa yana nan da laushi da ɗan danshi, wanda hakan ne ya sa ta fi daɗi, kuma shi ne ya sa ta fi saurin lalacewa. Tana da 'yar'uwa a Ingila mai suna Eton mess, wadda ake dangantawa da makarantar Eton, kayan haɗinsu ɗaya ne, sai dai ita ana farfasa busasshen merang ne a cakuɗa shi da kirim da sitiroberi a cikin kofi. Ki riƙe wannan ta biyun a zuciya, domin ina ganin ita ce za ta fi yi miki amfani idan walimar ta faɗo cikin damina.

Abin da ke faruwa a cikin kwano

Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, ragowar kuma galibi furotin. Idan ana buga shi, furotin ɗin da ke dunƙule yakan warware ya kewaye ƙananan ƙwayoyin iskar da mabugi ke shigarwa, ya kama juna, sai a sami kumfa mai iya ninka girman farin ƙwan har sau takwas. Wannan kumfa ba ta jituwa da maiƙo ko kaɗan, domin maiƙo yakan shiga tsakanin furotin da iska ya hana su kamawa. Gwaiduwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata maiƙo ne, shi ya sa ɗigonta ɗaya kan rage tashin farin ƙwai huɗu. Ni ina fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi dabam, in tabbatar farinsa tsaf yake, kafin in juye shi a babban kwanon, saboda kada na ƙarshe ya ɓata na farko. Kwanon ya zama na ƙarfe ko na gilashi, ban da roba, domin roba takan riƙe maiƙon miyar jiya ko an wanke ta da sabulu. Ki goge kwanon da mabugin da ɗan ruwan lemun tsami, ki bari su bushe sarai.

Sabon ƙwai ya fi wanda ya daɗe bayar da kumfa mai ƙarko. A garuruwanmu, inda kiret ɗin ƙwai kan yi kwanaki a shago cikin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin farin ƙwan da ya kwana biyu yakan tsinke, ya tashi da sauri amma ya kasa riƙe kansa. Ki saka ƙwan a cikin kofin ruwa: idan ya nitse ya kwanta, sabo ne, idan kuwa ya miƙe tsaye ko ya taso sama, ki bar shi. Raba fari da gwaiduwa ya fi sauƙi idan ƙwan na da sanyi, amma bugu ya fi kyau idan ya huce, don haka idan daga firij kika ɗauko shi, ki raba nan take, sannan ki ajiye farin kamar minti 30 kafin ki fara.

Ga awon da nake amfani da shi don pavlova ɗaya mai isar mutum shida zuwa takwas: farin manyan ƙwai 4, wanda nauyinsa kan kai giram 120 zuwa 140, sukari giram 220 zuwa 240, konfulawa, wato sitacin masara, cokalin shayi 2, da ruwan kal ko ruwan lemun tsami cokalin shayi 1. Ƙa'idar da ta fi ƙidayar ƙwai tabbas ita ce nauyin sukari ya kusan ninka nauyin farin ƙwai, domin ƙwai ba girmansu ɗaya ba, kuma wadda take da ƙaramin sikelin kicin ta huta da wannan rigima. Mata da yawa sukan rage sukarin don gudun zaƙi, kuma na fahimci dalilinsu, amma a nan sukari ba ɗanɗano kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ke kauri da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin iskar ya hana kumfar tsiyayewa, kuma shi ne ke bushewa ya zama ɓawon. Idan aka rage shi sosai, merang ɗin zai taso ya faɗi. Wurin rage zaƙi shi ne kirim da 'ya'yan itace, kuma zan zo kansu.

Sukarin da bai narke ba

Ruwan nan mai danƙo da kika gani, ina kyautata zaton daga nan ya fito. Littattafan girkin da aka rubuta a ƙasashen da ake yin pavlova suna nufin sukari mai ƙananan ƙwayoyi ne, wanda ke narkewa da wuri, alhali wanda muke awo a mudu ko muke saye a leda yakan yi tsakuwa-tsakuwa. Duk ƙwayar sukarin da ba ta narke a cikin kumfar ba, idan ta shiga obin sai ta jawo ruwa ta narke ita kaɗai, ta gangaro waje a matsayin ɗigon ruwan sukari. Maganin mai sauƙi ne: ki zuba sukarin a busasshiyar bilenda ki kaɗa shi na daƙiƙa kaɗan har ya yi laushi kamar gishirin tebur, ba sai ya koma gari ba.

Yadda ake zuba shi ma yana da tasiri. Ki fara buga farin ƙwan shi kaɗai da matsakaicin gudu har kumfar ta yi fari, idan kika ɗaga mabugin ta biyo shi ta yi tsini sannan kanta ya lanƙwasa. A nan ne za ki fara zuba sukari, cokali ɗaya bayan ɗaya, kina ba kowane cokali kamar rabin minti ya narke kafin ki ƙara wani. Wannan kan ci minti goma ko fiye, kuma babu hanyar taƙaita shi. Idan kin gama, ki ɗebi ɗan kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu: muddin kina jin ƙwayar sukari, da sauran bugu. Alamar ya kai ita ce ya yi sumul, ya yi sheƙi, tsininsa ya tsaya kyam, kuma ko kin karkata kwanon ba zai zame ba. Sai ki barbaɗa konfulawar, ki zuba ruwan kal, ki juya a hankali da cokali daga ƙasa zuwa sama. Ruwan kal ko lemun tsami yana hana furotin ɗin kama juna fiye da kima, konfulawa kuma tana riƙe ɗan danshin da ke ba cikin pavlova laushinsa, amma kada ki wuce awon, domin idan ta yi yawa bakin mai ci zai ji gari.

Kada kuma a zarce da bugu tun kafin a zuba sukari. Farin ƙwan da aka buga shi kaɗai har ya yi guda-guda, ya rasa sheƙi, ya riga ya fara sakin ruwansa, kuma irin wannan ne ke tashi a obin sannan ya rufta.

Akwai wata hanya da nake koya wa waɗanda sukarinsu ke ba su wahala, wadda ake kira salon Suwizalan, saɓanin salon Faransa da na bayyana yanzu. A haɗa farin ƙwai da dukkan sukarin a kwanon ƙarfe, a ɗora kwanon a bakin tukunyar da ruwa ke ɗan tafasa a cikinta, ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba, a yi ta juyawa babu tsayawa har sukarin ya narke gaba ɗaya, haɗin ya yi zafi kamar digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Selshiyas, sannan a sauke a buga har ya huce ya yi kauri. Bai kai na Faransa tashi ba, kuma ya fi shi ɗan nauyi a baki, amma ba ya zubar da ruwa da sauƙi, kuma yana riƙe siffarsa. Ga wadda za ta yi wa baƙi, kuma take tsoron kunya, wannan ya fi kwanciyar hankali. Na uku, salon Italiya, tafasasshen ruwan sukari ake zubawa a kan kumfar, yana buƙatar ma'aunin zafi na musamman, kuma ba ki da buƙatarsa a nan.

Idan babu injin bugu, mabugin hannu yana yi, sai dai aiki ne mai gajiyar da kafaɗa, gara ku zama biyu kuna karɓar juna. Bilenda kuwa ba ta buga farin ƙwai, yanka shi take yi.

Obin ɗin gas

Pavlova tana son zafin da bai wuce digiri 120 ba, na tsawon awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Akan fara ɗumama obin zuwa 150, da zarar an saka ta sai a rage zuwa 120, domin zafin farkon ya kama ɓawon. Matsalar obin ɗin gas na gida ita ce da yawansu ko an rage wutar har ƙarshe zafinsu ya wuce haka, kuma wutar daga ƙasa take dukan tire. Wannan ne ya sa taki ta yi ja: sukarin da ke waje ya fara ƙonewa. Shi ne kuma ya taimaka wajen ruftawar, domin zafi mai yawa yakan kumbura iskar da ke ciki da sauri, ɓawon ya ƙame a sama, cikin kuma bai nuna ba, idan ya huce sai ya janye ya bar rami a ƙarƙashin ɓawon, ɓawon ya faɗa ciki. Ƙari a kan haka, gas idan yana ci tururin ruwa yake fitarwa, saboda haka iskar cikin obin ɗin gas ta fi ta na lantarki danshi.

Abin da ya fi komai amfani shi ne ki sayi ƙaramin ma'aunin zafin da ake ratayawa a cikin obin, ana samunsa a shagunan kayan kek, kuma zai yi miki aiki har a sauran gashinki. Kafin ki samu, ki gwada obin ɗin da cokali ɗaya na merang a kan takardar gashi: idan cikin minti 15 ya fara sauya launi, zafin ya yi yawa. Ki sa wutar a mafi ƙarancinta, ki ɗora tiren a tsakiya ko ɗan sama kaɗan, ki sa wani tire marar komai a ƙasansa don ya tare harshen wutar, sannan ki saƙala cokalin katako a bakin ƙofar ta zauna a ɗan buɗe, kamar faɗin yatsa. Wannan ɗan buɗin yana rage zafi kuma yana ba tururi hanyar fita. Sai dai ki riƙa leƙa wutar kada iska ta kashe ta gas ya ci gaba da fita, kuma kada yara su kusanci wurin. Ban ga obin ɗinki ba, kuma kowane obin da halinsa, don haka lokacin da na faɗa kimantawa ce, alamar da za ki dogara da ita ita ce ɓawon ya bushe idan kin ɗan ƙwanƙwasa shi, kuma gefensa ya rabu da takarda ba tare da ya manne ba.

Idan ta yi, ki kashe wutar ki bar ta a ciki ta huce tare da obin ɗin, aƙalla awa biyu. Fitar da ita da zafinta cikin iskar ɗaki yakan sa ta tsage ta rufta nan take. 'Yar tsagewa kaɗan a ɓawo kuwa ba aibi ba ce, ko ta gwanaye tana yi, kuma kirim zai rufe ta.

Siffar da kika ba ta ma tana da hannu a ciki. Ki zana da'ira mai faɗin santimita 20 a bayan takardar gashi, ki tara merang ɗin a ciki, ki ja gefensa daga ƙasa zuwa sama da bayan cokali don ya zama kamar katanga, ki ɗan lotsa tsakiya kaɗan. Mai tsawo sosai ta fi wuyar nuna. A gaskiya, ga obin ɗin gas marar ma'auni, na fi son a raba haɗin nan zuwa ƙananan gurabe takwas, kowanne kamar faɗin tafin hannu, domin suna bushewa cikin kamar awa ɗaya, ba su da nauyin da zai rufta, kuma idan ɗaya ya fashe sauran bakwai suna nan. Gashi a tukunya da yashi, wanda ke yi mana kek lafiya lau, ba na ba da shawararsa a nan, domin murfin yana tare tururi, kuma da wuya a riƙe wutar a ƙasa-ƙasa na tsawon awa guda.

Damina da hunturu

Sukari yana jan ruwa daga iska, kamar yadda alewa kan yi danƙo idan ta kwana a buɗe cikin damina, kuma merang mafi yawansa sukari ne. Watan Agusta shi ne tsakiyar damina a Kaduna, wato kin zaɓi watan da ya fi kowane wahala ga wannan girki. Ko da komai ya tafi daidai a obin, merang ɗin da aka ajiye a buɗe a irin wannan iska zai yi laushi ya fara danƙo cikin awoyi kaɗan. A nan dabara tana da iyaka, kuma ba zan yi miki alkawarin babbar pavlova mai ƙaras-ƙaras a ranar da ake sheƙa ruwa ba. Abin da za ki iya shi ne ki ƙara lokacin busarwa da minti 15 zuwa 20, kada ki dafa wani abu mai tururi a kicin ɗin a lokacin, kuma da zarar ya huce ki rufe shi a mazubin da iska ba ta shiga. Kada ki sa shi a firij, domin danshin firij ne zai fara lalata shi. Idan ya yi laushi kafin ranar, ki mayar da shi obin a digiri 100 na kamar minti 15, ki bar shi ya huce a ciki, zai dawo.

Hunturu kuwa lokacinsa ne. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu, wadda ke tsaga mana leɓe da diddige, ita ce merang ya fi so, har ƙananan kan yi mako guda a rufe ba su canza ba. An kuma yi sa'a, lokacin ne sitiroberin Jos ke fitowa, domin a kan tsaunukan Filato ake noma shi saboda sanyin wurin, kuma kakarsa tana kamawa ne a watannin hunturu zuwa farkon bazara. Tsadar da kika gani a Agusta ta rashin kaka ce.

Kirim

Kirim ɗin madara ba ya buguwa sai maiƙonsa ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100, wanda ya kai 35 ya fi tsayawa, don haka ki duba jikin kwalin kafin ki saya. Madarar gwangwani ta shan shayi ba ta kai ko kusa ba, takan yi kumfa idan ta yi sanyi sosai, amma ba ta daɗewa take kwanciya. Shi kirim, saɓanin farin ƙwai, maiƙo ne ke riƙe masa iska, kuma maiƙon ba ya riƙewa sai yana da sanyi ya ɗan daskare. Saboda haka kirim ɗin ya kwana a firij, kwano da mabugi su ma su sha sanyi, idan kuma kicin ɗin da zafi, ki ɗora kwanon a kan wani kwanon da ke da ƙanƙara yayin bugu. Kada ki sa shi a firiza, domin kirim ɗin madarar da ya daskare ya narke ba ya buguwa da kyau. Ki tsaya da zarar ya yi kauri yana riƙe sawun mabugi, domin idan kika zarce zai yi guda-guda ya fara rabuwa, daidai da abin da ke faruwa idan aka kaɗa nono don fitar da man shanu. Idan ya fara hakan, cokali biyu na kirim ɗin da ba a buga ba, a juya a hankali, yakan gyara shi.

Mililita 300 ya isa wannan awon. Ni ba na sa masa sukari, ko in sa cokali ɗaya kacal, tunda merang ɗin ya riga ya ɗauke nauyin zaƙi. Abin da na fi so shi ne in ɗaure kindirmo ko yogot marar sukari a farin ƙyalle mai tsabta, in bar shi ya tsiyaye a firij har ya yi kauri, sannan in haɗa kashi ɗaya nasa da kashi biyu na bugaggen kirim. Ɗan tsaminsa yana karya zaƙin, haɗin ya fi sauƙi a ciki, kuma yana rage kuɗi, tunda kirim ɗin madara shigo da shi ake yi.

Akwai kuma kirim ɗin man tsirrai da masu kek ke amfani da shi, da na gari da ake bugawa da madara mai sanyi. Waɗannan sun fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma idan wutar lantarki ba ta da tabbas a unguwarku, zaɓi ne mai ma'ana. Aibinsu shi ne akasari da sukarinsu suke zuwa, kuma sukan bar ɗan maiƙo a dasashi. Idan su za ki yi amfani da su, kindirmon nan da aka tace ya ƙara zama dole, kuma 'ya'yan itacen su kasance masu tsami sosai. Wasu kan ƙara jelatin don kirim ya tsaya, idan za ki yi haka ki duba cewa na halal ne, domin da yawansa daga alade ake samo shi.

Abin da za a ɗora a sama

Aikin sitiroberi a wannan haɗi shi ne tsami da launi, don haka duk abin da zai maye gurbinsa da wannan ma'aunin za a auna shi. Idan kin same shi, giram 300 zuwa 400 ya isa. Ki wanke shi da hancinsa a jiki, ki tsane shi sosai a kan tawul, sannan ki cire hancin ki yanka, domin idan aka cire kafin wanki yakan sha ruwa ya yi lami. Rabinsa ki barbaɗa masa cokali ɗaya na sukari da ɗan lemun tsami, ki ajiye minti 20 ya fitar da jan ruwansa, wanda za ki yaryaɗa a kan faranti a gaban mai ci, rabin kuma ki bar shi haka. Daskararrun 'ya'yan itace na firizar manyan shaguna ba sa kyau a ɗora su kai tsaye, domin suna narkewa su saki ruwa, amma suna yin miya mai kyau idan aka ɗan dafa su da sukari kaɗan har su yi kauri, aka bar su suka huce.

A madadinsa, mangwaron da bai nuna luguf ba, mai sauran ɗan tsami kuma marar zare, ya fi komai dacewa a ganina, musamman idan aka matsa masa lemun tsami. 'Ya'yan rumman suna ba da ja da tsami, kuma ba sa sakin ruwa. Abarba ma tana yi, amma ɗanyarta tana da sinadarin da ke narkar da furotin, wanda kan sa kirim ya yi ɗaci idan suka daɗe tare, haka ma gwanda da kiwi, don haka ko dai a ɗora su a ci nan take, ko a ɗan dafa abarbar tukuna. Kankana ruwanta ya yi yawa, ayaba kuma zaƙi ce a kan zaƙi, ga saurin yin baƙi. Idan jan launin kike so, ki dafa zoɓo mai kauri, ki tace, ki zuba sukari kaɗan ki ci gaba da dafawa har ya kama bayan cokali, ki bar shi ya huce. Cokali ɗaya nasa a kan mangwaro da kirim yana yin abin da ruwan sitiroberi ke yi, da tsaminsa da jansa, kuma kusan babu kuɗi a ciki.

Ranar walima

Jiƙewar da kika gani a ƙarshe ba ta da alaƙa da yadda kika gasa, lokacin haɗawa ne. Daga sa'ar da kirim ya taɓa merang, sukarin ya fara shan ruwansa, kuma a yanayinmu bai fi ki sami minti 20 zuwa 30 kafin ɓawon ya yi laushi ba. Saboda haka komai a shirya shi dabam: merang tun jiya, yana rufe a mazubinsa, 'ya'yan itace a yanke a firij, kirim a buga shi awa ɗaya ko biyu kafin lokaci a mayar da shi firij, sannan a haɗa bayan baƙi sun gama cin abinci, ba kafin su iso ba.

Idan walimar a hunturu ce, ki yi ƙananan guraben nan, kowane baƙo da nasa, ki yi gwaji sau ɗaya kafin ranar don ki san halin obin ɗinki. Idan kuwa a damina ce, ko baƙin suna da yawa, ki koma ga Eton mess. Ki busar da merang ɗin ƙanana-ƙanana har cikinsu, a digiri 100 zuwa 110, ba tare da konfulawa ba, tunda a nan ba laushin ciki ake nema ba. Lokacin rabawa ki farfasa su da hannu manya-manya, ki juya kashi biyu cikin uku a cikin kirim da 'ya'yan itacen sau biyu ko uku kawai, ki zuba a kofunan gilashi, ki barbaɗa ragowar a sama. Wanda ya tsage ko ya ɗan yi ja duk yana shiga, kuma mutum biyu za su iya cika kofi talatin cikin minti goma. Abin da ya rage a kofi ba ya kwana, don haka ki haɗa daidai yawan waɗanda ke zaune, ki bar sauran merang ɗin a rufe don masu zuwa daga baya.